Kifin Sabke a Tudu Ake Kiwonsa

Ranar Lahadin da ta gabata na ci kasuwar Mai'adua. Ba saniya na je saye ba, ko da yake duk wanda ya ratsa karar shanun nan sai ransa ya biya. Wani ɗan uzuri ne ya kai ni, da na gama shi kuma yunwa ta tura ni rumfar masu suyar kifi. Na zauna a kan benci, aka zubo mini a takarda, aka barbaɗa yaji. Tun kafin in kai baki na gane kifin ƙanƙara ne, irin wanda ake kamawa a tekun wata uwa duniya, a daskarar da shi, ya yi makonni a jirgin ruwa, a sauke shi a Legas, sannan a ɗauko shi a mota har bakin iyakar Nijar. Na tambayi mai suyar ko babu na Sabke. Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, akwai, amma in na zubo maka sai ka ce na raina ka. Babbansu bai fi yatsa uku ba."

Wani dattijo da ke gefena ya ajiye kofin ruwansa ya dube ni. Ashe masunci ne, su kuma gadon gidansu ne, tun kafin a yi madatsar suna bin tafkuna da fadamu da homa. Na ce, "Baba, ina kifin ya tafi?" Ya ce a shekarun farko bayan an tare ruwan, tarwaɗa ɗaya kan ishi gida guda miya, yanzu kuwa sai mutum ya kwana a kan ruwa ya dawo da abin da bai cika kwano ba. Wuraren da a da gora ba ta taɓa ƙasa, in ji shi, yau yaro yana tsayawa a ciki. Sannan ya ƙara da maganar da ta sa na ɗauki alƙalami a wannan mako: "Malam, ku 'yan boko a cikin ruwa kuke neman kifi. Ai kifi a tudu ake kiwonsa. In tudu ya lalace, ruwa ba shi da abin da zai ba shi."

Abin da dattijon nan ya dunƙule a jimla uku shi ne masana ke cika littattafai da shi. Kowane tafki da kowace madatsa suna da ƙasar da ke ciyar da su, wato duk filin da idan ruwan sama ya sauka a kansa zai gangara, ta ƙorama ko ta rafi ko ta kwazazzabo, har ya ƙare a cikinsu. Wannan fili shi zan kira magangara. Madatsar Sabke da ke ƙasar Mai'adua, wadda aka gina a shekarun 1990 zamanin asusun PTF da marigayi Muhammadu Buhari ya shugabanta, an yi ta ne domin ruwan sha da noman rani, kuma daga gare ta aka ja ruwa zuwa Dutsi da Mashi. Amma bango kawai injiniya ya gina. Abin da zai taru a bayan bangon, ruwa ne ko rairayi, gonaki da dazuzzuka da burtalan da ke sama da shi ne ke yanke hukunci, kowace damina.

Ƙasarmu ta masarautar Daura jigawa ce. Ruwan shekara duka yana sauka ne cikin wata huɗu ko ƙasa da haka, kuma na farkonsa yakan tarar da gona tsirara: an kwashe kara an kai gida ko kasuwa, dabbobi sun lashe abin da ya rage, iskar bazara ta sassauta saman ƙasa. Ruwan da ya faɗi a kan irin wannan fili ba ya samun abin da zai riƙe shi ya nutse. Gudu yake yi, yana tafe da ƙasar da ta fi kowace albarka a gonar, ya haƙa 'yar hanya bana, baɗi ta zama kwazazzabon da ke cin gona yana raba ƙauye da ƙauye. Duk abin da ya kwaso a madatsa zai sauke shi, domin a nan ne gudunsa ke ƙarewa. Manomi ya yi asarar ƙasa, madatsa ta yi asarar zurfi. Ruwan da ba shi da zurfi kuwa saurin zafi gare shi da saurin ƙafewa, a yankin da rana da iska kan ɗauke kusan mita biyu daga saman buɗaɗɗen ruwa a shekara. Wannan asara ba ta da ranar da za a ce ta faru, shi ya sa ba ta shiga labarai. Ambaliyar Jibiya ta watan Yuli 2018 da fashewar madatsar Alau a Maiduguri a watan Satumba 2024 kowa ya ji su, don dare ɗaya suka yi ɓarnarsu. Cikewar madatsa da rairayi sai an yi shekara ashirin ana yi kafin famfo ya fara tari.

Shi kifi tun kafin famfo yake jin abin a jikinsa. Ƙarfasa tana share ɗan gurbi a ƙasan ruwa mara zurfi ta yi ƙwai, uwar ta kwashe su a bakinta tana reno har su ƙyanƙyashe. Tarwaɗa tana jiran ruwa ya ƙaru da damina ya haura cikin ciyawar gaɓa, a nan take zuba ƙwanta, a nan 'ya'yanta ke ɓuya daga manya har su yi ƙwari. To idan laka ta binne gurbin ƙarfasa, ruwa ya yi jawur har hasken rana ba ya ratsa shi balle ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci su yaɗu, aka kuma nome gaɓa har bakin ruwa babu ciyawa ko tsinke, aka wanke tulun feshin maganin ƙwari a gefen tafki, ina kifi zai haihu? Gaiwa kaɗai aka sani da iya haƙuri a cikin busasshiyar laka har wata damina. Sauran ba su da wannan baiwa.

Ban wanke masunta ba, shi ma dattijon bai wanke su ba. Da bakinsa ya gaya mini akwai masu jan taru mai ƙananan idanu, akwai masu ɗinke gidan sauro su mai da shi raga, su kwashe uwa da 'ya'ya har da waɗanda ba su kai a ci ba. Doka ta hana. Dokar kamun kifi a ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki, ta kuma sa milimita 76, wato inci uku, a matsayin mafi ƙanƙantar idon raga, in ban da wasu 'yan keɓaɓɓun nau'o'i. Sai dai dokar tana Abuja a cikin kundi, masunci kuma yana bakin ruwa da iyali a gida. Da kifi ya ragu sai ya ƙanƙanta idon raga don ya samu na cefane, da ya ƙanƙanta ido sai kifin baɗi ya ƙara raguwa. Wa'azi kaɗai ba ya fitar da mutum daga wannan rami.

A nan ne maganar ta zama ta hukuma. Bangon madatsa da manyan hanyoyin ruwanta na gwamnatin tarayya ne, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda Zobe da Jibiya ma ke cikin yankinta. Ruwan famfo da sha'anin lasisin kamun kifi na jiha ne. Shi kuwa tudun da ke ciyar da madatsar, gonar Malam wane da makiyayar ƙauyen kaza da kwazazzabon da ke bayan makarantar firamare, babu ofishin da ke kwana da tunaninsa. Jami'in tarayya zai ce aikinsa ya tsaya a bakin ruwa. Jami'in jiha yana da ƙananan hukumomi 34 a wuyansa da mota ɗaya, in ma akwai mai. Wadda ta rage ita ce hukumar da ta fi kowa kusa da wurin, wadda kansilanta ya san sunan mai kowace gona, ita ce kuma ta fi kowa saurin cewa ba huruminta ba ne.

Huruminta ne. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa bunƙasa noma da albarkatun ƙasa, ban da haƙar ma'adinai, a cikin ayyukan da ƙaramar hukuma ke da hannu a ciki. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ta ikon bayar da izinin mallaka na gargajiya a kan filayen karkara, na noma da na kiwo. Majalisar kansiloli tana da ikon yin dokokinta na cikin gida. Saboda haka wanda zai iya cewa taku kaza daga bakin ruwa ba a noma shi, a bar wa ciyawa, yana nan a sakatariya, ba sai an je Katsina ko Abuja ba.

Sauran magana kuɗi. Shekara da shekaru uzurin shugabannin ƙananan hukumomi ɗaya ne: kuɗinmu na asusun haɗin gwiwa, sai abin da aka sammana. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar, ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma ce ba a ba shugabannin riƙo da ba zaɓaɓɓu ba. Aiwatar da hukuncin ya yi ta tafiyar hawainiya, wannan kowa ya sani. Amma a Katsina an yi zaɓen ƙananan hukumomi a watan Fabrairu 2025, akwai zaɓaɓɓun shugabanni da kansiloli a kan kujeru, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023 abin da ake rabawa a Abuja kowane wata ya ƙaru ƙwarai a lissafin naira. Ga kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A tsarin rabon asusun tarayya ƙananan hukumomi na da kashi 20.60 cikin ɗari, kuma a cikin wannan akwai 0.60 da aka ware da sunan kula da muhalli. In mai karatu ya yi lissafi zai ga kusan naira uku ke nan a cikin kowace naira ɗari ta wannan kaso. Ashe ba sabon kuɗi nake roƙo ba. Kuɗin yana da suna tun daga Abuja, a hanya ne sunan ke gogewa.

Na taɓa zuwa wata sakatariyar ƙaramar hukuma, ba sai na faɗi wacce ba, ina neman kwafin kasafin kuɗinta don wani rubutu. Aka tura ni wajen ma'aji, aka ce ya tafi taro. Aka tura ni sashen gona, na tarar da mutum ɗaya da tebur biyu da kalandar shekarar da ta wuce. Mutumin kirki ne, ya ba ni kujera ya sa aka sayo mini ruwa. Da na tambaye shi abin da aka ware wa sashensa don zaizayar ƙasa da kiwon kifi, ya buɗe aljihun tebur ya nuna mini babu komai sai rasiɗai, ya ce, "Yallaɓai, mu albashi muke gani. In an zo rabon taki a kira mu, in an gama mu dawo mu zauna." Ya yi karatun aikin gona, ya san sunan kowane rafi a yankinsa, kuma babu wanda ya taɓa tambayarsa. Kwafin kasafin dai har yau ban gan shi ba.

Idan aka ce a farfaɗo da kifi, abin da ke fara zuwa ran ɗan siyasa shi ne biki. A sayo 'ya'yan kifi a jarkoki, a kafa rumfa, a gayyaci makaɗa da 'yan jarida, mai girma shugaba ya naɗe hannun babbar riga ya juye bokiti a ruwa, a tafa. Zuba irin kifi yana da amfani a inda ya dace, amma wanda aka zuba a ruwan da babu mafaka, alhali gidan sauro na jiransa a gaɓa, kwanansa ƙidayayye ne. An ciyar da tsuntsaye da masu taru, an kuma samu hoton da za a manna a allo. Ina jin tsoron ranar da kuɗin ƙananan hukumomi suka fara isowa cikakku, wannan bikin ne zai fara cin kason muhalli.

Abin da ya kamata ya fara ci shi ne tsari. Na san kalmar ta yi ƙaurin suna, domin mun saba ganin an ba wani kamfanin masana miliyoyi ya rubuto kundi da Turanci, a ɗaure shi da kyakkyawan bango a ajiye wa gara. Tsarin da nake nufi da ƙafa ake yin sa. A ɗauki jami'in gonan nan da ke zaune, a haɗa shi da dagatai da masu unguwanni, da wakilin masunta da na masu noman rani da ardon Fulani, a bi kowace ƙorama da ke zuba a Sabke daga bakinta har inda ta faro. A rubuta inda kwazazzabo yake da tsawonsa, da gonar da yake ci, da inda ake ɗibar yashi, da inda burtali ya toshe, da inda shanu ke sauka shan ruwa. A shiga kwalekwale da igiya mai nauyi a baki a auna zurfin ruwa a wurare sanannu, a maimaita a wata ɗaya kowace shekara, don a daina musu a kan ko madatsa na cikewa. A yi rajistar masunta da irin ragar kowa, a riƙa auna abin da ake fitarwa a mashiga ko da sau ɗaya a mako. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tana da sashen nazarin kifi, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua tana da masu nazarin ƙasa da taswira, ga kwalejin fasaha ta tarayya a Daura. Ɗalibansu kowace shekara suna neman abin da za su yi binciken kammala karatu a kai. Kuɗin mota da na abinci da ɗan alawus ya ishe su, abin da za su tattaro kuma ya fi kundin da aka rubuta a otal.

Daga wannan tsari ne za a san inda naira za ta fi amfani: wane kwazazzabo za a fara tarewa da duwatsu da buhunan ƙasa tun yana ƙarami, wace gaɓa za a dasa wa jema da gamba, wane lungu na tafkin za a keɓe a ce nan mahaifar kifi ce, ba a jefa raga. Sai kuma abu mafi wuya, wato hutun su a lokacin da kifi ke ƙwai. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sarautar Sarkin Ruwa don haka aka yi ta. A Argungu, Matan Fada a rufe yake ga masunta har ranar da aka buɗe shi, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai an taru ake ɗaga shi. A tafkin Kainji, a shekarun 1990, wani shirin haɗin gwiwa na Najeriya da Jamus ya bi ta hannun sarakuna da shugabannin masunta wajen hana ragar dala mai kwashe 'ya'yan kifi. Darasin wuraren biyu shi ne masunci yana bin dokar da shugabansa ya sa baki a cikinta, wadda kuma ya ga ta hau kan kowa. Aikin ƙaramar hukuma shi ne ta mai da wannan yarjejeniya doka a majalisarta, ta nemi albarkar fadar Mai Martaba Sarkin Daura da hakimai, sannan ta biya abin da ke sa dokar ta tsaya: musayar raga, a karɓi mai ƙananan idanu a ba da halattacciya, ɗan alawus ga masu gadin ruwa daga cikin masuntan kansu, da aikin lada a watannin hutu, domin hannun da ya ajiye raga shi ya fi dacewa a biya ya dasa ciyawar gaɓa.

Game da gyaran tudu kuwa, ba sai mun je nesa neman malami ba. Wanda ya tsallaka Kwangwalam ya shiga Ɗan Barto ya nufi Matamaye ko Magarya zai ga gonaki cike da gawo, ƙasa iri ɗaya da tamu, ruwan sama ma bai kai namu ba. Ba dasa su aka yi ba. Tun a shekarun 1980, a jihohin Maraɗi da Damagaram, manoma suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututture a gona, su rage rassa su bar ɗaya ko biyu su girma, abin da suke kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan biyar. A yankin Tawa kuma sun farfaɗo da ƙasar da ta mutu da ramukan tassa da na rabin wata masu tare ruwa. Dukkan wannan ilimi da Hausa ake bayaninsa, masu shi kuma 'yan uwanmu ne da muke haɗuwa da su kowace Lahadi a kasuwar Mai'adua. Kuɗin da za a kashe a kai manoma talatin su kwana biyu a can su gani da idonsu bai kai na tayoyin motar ofis ba.

Wani zai ce ai akwai ACReSAL, shirin da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a watan Disamba 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda ginshiƙinsa ma shi ne tsara magangarun ruwa, manya guda 20 da ƙanana 200. Gaskiya ne, kuma abin a yaba ne. Sai dai bashi ne, kuma shiri ne mai wa'adi. Mu a Katsina mun ga shirin dashen itatuwa da Turawan Yamma suka tallafa wa tun ƙarshen shekarun 1980. Wasu shingayen darbejiyar suna nan, wasu sun shiga murhu bayan da albashin mai gadi ya tsaya. Abin da baƙo ya gina, in babu ɗan gida mai layi a kasafinsa don kula da shi, ranar da baƙon ya tafi ya fara mutuwa. Kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya: ƙaramar hukumar da ta je da taswirarta da rajistarta da ɗan abin da ta riga ta kashe ta fi wadda ta je da baki kawai samun shiga.

Ruwa kuma bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Wanda ya cika Sabke, ko Daberam da ke tsakanin Daura da Dutsi, ya ratso gonakin mutanen da ba su taɓa cin kifinsa ba, masu shan sa a famfo kuma suna wata ƙaramar hukumar dabam. Adalci shi ne mai sha ya taimaka wa mai tsare tudu. A Kenya an kafa asusu a 2015 inda masu amfani da ruwa a Nairobi ke tallafa wa manoman saman kogin Tana su hana ƙasarsu zubewa. A nan gida, jihohi shida sun haɗu a Damaturu a 2006 suka amince da asusun kula da kogunan Haɗeja da Jama'are da Komadugu Yobe, bayan da ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa ta talauta masunta da manoman Haɗeja da Nguru. Su sai da ɓarna ta auku suka zauna. Ƙananan hukumomi biyar na masarautar nan, Daura da Mai'adua da Zango da Sandamu da Baure, tare da maƙwabtansu Dutsi da Mashi, ba su fi ƙarfin tebur ɗaya ba. Abin da zan ja kunne a kai shi ne kada a kafa wata sabuwar hukuma mai shugaba da motoci. Kowa ya riƙe kuɗinsa a kasafinsa, a haɗu a kan taswira ɗaya, a kuma manna abin da aka kashe a ƙofar sakatariya da Hausa.

Na san abin da shugaban ƙaramar hukuma zai ce, kuma ba zan raina shi ba. Albashin malaman firamare na jiransa, asibitin karkara babu magani, kowace mazaɓa tana son rijiyar burtsatse da kwalbati, wa'adinsa kuma gajere ne. Ciyawar da aka dasa a gaɓa ba a yanka mata kintinkiri, gawon da aka bari bana sai wani shugaban ne zai sha inuwarsa. Amma rijiyar burtsatsen nan daga ruwan da ya nutse a tudu take sha, kwalbatin nan kuma kwazazzabon da aka ƙyale ne zai tafi da shi a damina ta uku, a sake ba da kwangila. Mutanen da tarihinsu ya fara da rijiyar Kusugu, inda aka ce sai ranar Juma'a ake samun ɗiban ruwa, bai kamata a tsaya yi musu dogon bayani a kan ruwan da ake auna wa mutane ba. Haka nan duk dokar gaɓa da aka yi ba tare da an bar wa makiyayi mashaya da hanyar isa gare ta ba, ko aka karɓe wa mai noman rani kadadarsa ba tare da an ba shi madadi ba, rigima aka shuka. Shi ya sa na ce a zauna da su tun ranar farko, kafin a buga turke ko ɗaya.

Lokacin shirya kasafin baɗi ya matso. Ina roƙon ɗalibanmu da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa, musamman na Mai'adua, kowa ya nemi kansilan mazaɓarsa ya yi masa tambaya biyu cikin ladabi: nawa ne kason muhalli da ya shigo da sunan ƙaramar hukumarmu a bana, kuma a wane layi na kasafin baɗi aka rubuta magangarar Sabke? Duk amsar da aka samu a aiko mini ta hannun edita, zan buga ta a wannan fili yadda aka faɗe ta, da sunan mazaɓar.

Kafin mu rabu na tambayi dattijon nan ko masunta za su yarda da hutun su in an zo da shi. Ya yi shiru yana naɗe ledar goronsa. Ya ce shi zai iya rataye ragarsa wata uku, in dai ya tabbata ta maƙwabcinsa ma a rataye take, kuma akwai gero a gida. Ya ce in an tashi zaman a aika masa, mai suyar kifin nan ya san ƙauyensu.